Holt Biyu a Liverpool: Yadda Ake Bin Salsalar Gidan Attajiran Ingila

"Assalamu alaikum Malam. Kakana ya yi shekaru yana aiki a kantin John Holt a Kano, zamanin cinikin gyaɗa da fata. Kwanan nan na shiga neman tarihin mai kamfanin, sai na ci karo da wani Alfred Holt mai jiragen ruwa, shi ma a Liverpool, kuma zamaninsu ɗaya. Wani zanen salsala da na gani ya haɗa su a matsayin wa da ƙane. Shin gida ɗaya ne? Kuma ta yaya mutum zai bi asalin irin waɗannan gidajen 'yan kasuwa na Ingila daga kaka zuwa jika, ba tare da an yi masa ƙarya ba?" Wani mai karatu daga Kano

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Tambayoyi biyu ka yi, ɗaya gajera ɗaya doguwa: ko John Holt da Alfred Holt 'yan gida ɗaya ne, da kuma hanyar da ake bi a tabbatar da wane ya haifi wane a gidajen attajiran Ingila. Amsar ta farko a'a ce. Ba wa da ƙane ba ne, ubansu daban, garinsu na asali daban. Kama da wane ba wane ba ne. Amma na ji daɗi da ka kawo wannan misali, domin kusan duk ramin da mai bin salsala ke faɗawa yana cikinsa, don haka da su biyun zan amsa maka tambaya ta biyu.

Gidaje biyu, suna ɗaya

John Holt da kakanka ya yi wa kamfaninsa aiki, an haife shi a 1841 a ƙauyen Garthorpe da ke Lincolnshire, kusa da kogin Trent, can gabashin Ingila. Yana matashi aka kai shi Liverpool koyon ciniki a hannun wani mai sayar da kwal, William Laird. A 1862 ya tafi tsibirin Fernando Po, wanda yanzu ake kira Bioko, ya kama aiki a shagon James Lynslager. Bayan rasuwar maigidan nasa ya sayi kasuwancin, ya jawo ɗan'uwansa Jonathan, suka bazu a gaɓar tekun Afirka ta Yamma. An yi wa kamfanin rajista a 1897, shi kuma ya rasu a 1915, 'yan shekaru bayan jirgin ƙasa ya iso Kano kuma cinikin gyaɗa ya buɗe.

Alfred Holt kuwa ɗan George Holt ne, mutumin Rochdale wanda ya zo Liverpool yana saurayi ya koyi dillancin auduga wurin Samuel Hope, ya auri Emma Durning a 1820, ya rasu a 1861. 'Ya'yansa maza suka zama manyan garin. George ƙarami ya kafa kamfanin jiragen Lamport da Holt a 1845. Alfred da Philip suka kafa kamfanin da aka fi sani da Blue Funnel, mai zirga-zirga zuwa China. Robert Durning Holt ya riƙe magajin garin Liverpool. Ko sunayen jiragensu ka duba za ka ga bambanci: Alfred yana raɗa wa nasa sunayen jaruman tatsuniyar Girka, irin su Agamemnon da Ajax da Achilles, gidan John kuwa sunayen 'yan gida suke sa wa nasu, Jonathan Holt, Thomas Holt, Robert L. Holt. Abin da ya ƙara dama lissafin shi ne, a 1965 jiragen gidan John sun koma hannun kamfanin jiragen ruwa na Elder Dempster, wanda shi kuma ya kasance ƙarƙashin kamfanin da Alfred ya kafa. Kamfanoni sun haɗu a takarda, jini bai haɗu ba.

Daga kabari ake farawa

Ƙa'idar da ba na saɓa wa ita ce a fara daga ƙarshen rayuwar mutum a riƙa komawa baya, taki ɗaya bayan ɗaya, kuma kowane taki sai da takardar da ta ambaci uba da ɗa tare. Wanda ya fara daga wani shahararren kaka na shekaru ɗari huɗu yana gangarowa, to duk wanda ya tarar a hanya mai suna irin nasa zai kwasa.

Ga wanda ya rayu bayan 1 ga Yuli 1837 aikin da sauƙi, domin a ranar ce gwamnati ta fara rajistar haihuwa da aure da mutuwa a Ingila da Wales. Takardar haihuwa tana ba ka sunan uba da sana'arsa, da sunan uwa haɗe da sunan gidan da ta fito. Ta aure tana ba ka sunan mahaifin ango da na amarya, da sana'o'insu, da shaidu. Ta mutuwa ce mai rowa, ba ta faɗin iyayen babban mutum. Jerin sunayen yana nan kyauta a shafin intanet na FreeBMD, takardar kanta kuma sai ka biya ofishin rajista na ƙasa ya aiko maka. Sai dai ka sani, kafin 1875 ba a ɗora wa iyaye nauyin kai rahoton haihuwa da ƙarfin doka ba, saboda haka wasu yara sun zille.

Dubi yadda wannan rana guda ta raba mutanenka biyu. Shekara 12 ce kawai tsakaninsu, amma John na 1841 a rajistar gwamnati za ka neme shi, Alfred na 1829 kuwa ba shi da takardar haihuwa ta gwamnati ko kaɗan, sai ka bi ta coci.

Sai ƙidayar jama'a, wadda ake yi duk shekara goma tun 1801, amma sunayen mutane daga 1841 aka fara ajiye su. Ta 1841 ba ta da zurfi: ana rage shekarun manya zuwa biyar-biyar, ba a faɗin dangantakar 'yan gida, garin haihuwa ma sai dai a ce cikin wannan gunduma ko wajenta. An yi ta a watan Yuni, John kuma ya zo duniya a Oktoba, kada ka ɓata dare kana nemansa a ciki. Daga 1851 ne ake rubuta wane ɗan wane, shekarunsa nawa, a wane gari aka haife shi. Wannan layi na garin haihuwa shi kaɗai ya isa ya rushe zanen da ka gani. Amma da 'yan kasuwa akwai wani abin lura: ƙidaya tana kama wanda ya kwana a gidan a wannan dare ne kawai. Wanda ke Fernando Po ko Calcutta ko cikin jirgi ba zai fito a gidan ba, sai ka tarar da matarsa a matsayin shugabar gida. Mutane da yawa sun "kashe" attajiri da ransa saboda wannan. Ƙidayar ƙarshe da aka buɗe wa jama'a ita ce ta 1921, a 2022. Ta 1931 ta ƙone a gobarar 1942, a 1941 kuma ba a yi ba saboda yaƙi, shi ya sa ake cike giɓin da rajistar da aka yi a 1939.

Kafin 1837: wane coci suke zuwa?

Tun 1538 aka umarci kowane cocin unguwa na Cocin Ingila ya riƙa rubuta baftisma da aure da jana'iza. Yawancin waɗannan kundaye suna ma'ajiyar tarihi ta gundumomi, na Lincolnshire a birnin Lincoln misali, kuma da yawa an ɗauki hotonsu an sa a shafukan intanet na FamilySearch da Ancestry da Findmypast. Tsofaffin ba su da yawan bayani, wani lokaci sunan yaro da na uba ne kawai. Daga 1813 aka kawo kundi mai layuka da aka buga, wanda ke neman sana'ar uba da unguwarsa.

Matsalar ita ce manyan gidajen kasuwanci da yawa ba 'yan Cocin Ingila ba ne. Gidan George Holt 'yan ɗarikar Unitarian ne, waɗanda ba su yarda da aƙidar Triniti ba, kuma majami'arsu tana titin Renshaw a Liverpool. Wasu gidajen 'yan Quaker ne, wata ɗarikar Kirista daban. Akwai dalili: dokokin lokacin sun toshe musu hanyar muƙaman gwamnati da digirin Oxford da Cambridge, sai suka zuba ƙarfinsu a ciniki, suna aure a junansu, suna ba juna rance. Kundayen irin waɗannan majami'u an tattara da yawansu bayan 1837, yanzu suna babbar ma'ajiyar tarihi ta ƙasa da ke Kew a Landan. To amma aure fa? Daga 1754 zuwa 1837 doka ta ce duk aure sai a Cocin Ingila, in ban da na 'yan Quaker da Yahudawa. Ke nan auren George Holt da Emma Durning na 1820 a kundin Cocin Ingila za ka neme shi, haihuwar 'ya'yansu kuma a na majami'arsu. Gida ɗaya, kundi biyu.

Maƙwabtansu a Liverpool, gidan Rathbone, su ne misalin ciwon kai na biyu. Uba William, ɗa William, jika William, har shida a jere, shi ya sa masana tarihi suke sa musu lamba. 'Yan Quaker ne har zuwa William na huɗu, wanda ɗarikar ta sallama a 1805, bayansa gidan ya karkata ga Unitarian. Wanda bai san wannan juyi ba zai ga gidan ya ɓace daga kundin Quaker, ya zaci ƙarewa suka yi, alhali zuriyar ta ci gaba har ta haifi Eleanor Rathbone, 'yar majalisar da ta rasu a 1946. Ƙari a kan haka, idan yaro ya mutu yana ƙarami, sau da yawa sunansa ake mayar wa na bayansa. Duk baftismar da ka samu, ka duba kundin jana'iza na shekarun da suka biyo kafin ka ce ga mutuminka.

Wasiyya

A nan nake so ka fi daɗewa, domin a nan ne attajiri ya bambanta da talaka. Manomin haya yana iya rayuwa ya mutu bai bar komai ba sai layi uku a kundin coci. Mai dukiya kuwa dole ya faɗi wa zai ci, kuma da bakinsa yake lissafa 'ya'yansa da surukansa da abokan cinikinsa. Ba ni da wata hujja da na fi amincewa da ita kamar wasiyya.

Daga 12 ga Janairu 1858 kotun gwamnati ce ke tabbatar da wasiyya, kuma akwai jeri na shekara-shekara da ke ba da ranar rasuwa, da adireshi, da waɗanda aka ba amanar raba gado, da kimar dukiya. George Holt da Alfred da John duk a nan suke. Kafin wannan rana kotunan coci ne ke yi, kuma suna da yawa. Mai dukiya a wurare daban-daban, ko wanda ya mutu a ƙasar waje ko a teku, yawanci babbar kotun Canterbury ake kai tasa, waɗanda kwafinsu fiye da miliyan ɗaya ke Kew. Na arewa akwai babbar kotun York, takardunta suna cibiyar Borthwick a Jami'ar York. Na mutanen Liverpool da aka tabbatar a Chester kuma suna Preston.

Yadda nake yi, in na samu wasiyya ba na karanta ta don neman suna ɗaya. Ina ɗaukar farar takarda in kwafe ta kalma bayan kalma, ko da rubutun magatakarda ya cukurkuɗe ba waƙafi ba aya, shafi uku a numfashi ɗaya. Sannan in ja layi: kowane mutum da aka ambata, dangantakar da mamacin ya faɗa da bakinsa, abin da aka ba shi, sai shaidu a ƙasa. A nan za ka ga 'yar da kake nema ta fito da sunan mijinta, ka ga zoben makoki da aka bar wa "abokina kuma abokin cinikina", ka ga ɗan da aka ce a riƙa ba shi kuɗinsa kaɗan-kaɗan ta hannun amintattu, ka gane ba a yarda da hannunsa ba. Daga nan sai in bi wasiyyar kowane ɗaya daga cikinsu. Wadda ta fi kowace albarka ita ce ta gwaggo ko inna da ba ta yi aure ba, ko kawun da bai haihu ba. Uba yakan ce "'ya'yana" ya wuce, amma gwaggo sai ta jero 'ya'yan 'yan'uwanta ɗaya bayan ɗaya, wannan cokulan azurfa, wancan agogo, tana faɗin ɗan wane ne kowa. Takarda ɗaya irin wannan takan ɗaure rassa huɗu wuri guda.

Amma a yi hattara da abu uku. Rashin sunan ɗa a wasiyya ba ya nufin babu shi, domin babban ɗa ya riga ya karɓi rabonsa a jarin kamfani, 'yar da ta yi aure kuma an ba ta nata tun ranar ɗaurin aure. Kimar dukiyar da ake rubutawa kafin 1898 ba ta haɗa da filaye da gidajen mallaka ba, kada ka auna arziƙin mutum da ita kaɗai. Kalmomin dangantaka na Turanci ma a da suna da faɗi: wadda yau ke nufin suruki tana iya nufin agola a tsohuwar wasiyya, wadda ke nufin ɗan baffa kuma tana iya ɗaukar kowane dangi na nesa.

Mata da abokan ciniki

Zanen salsala da ke bin maza kaɗai ya zubar da rabin labarin gidan kasuwanci, domin jari ta hanyar aure yake tafiya. Kafin dokokin 1870 da 1882 dukiyar mace takan koma hannun mijinta da zarar an ɗaura aure, shi ya sa iyaye masu hali suke rubuta yarjejeniya kafin biki, a sa amintattu su riƙe mata. Waɗannan takardu cike suke da sunaye. Sunan tsakiya ma alama ce: Durning da ke cikin sunan Robert Durning Holt sunan gidan mahaifiyarsa ne. Shi kuma ya auri Lawrencina Potter, yayar marubuciya Beatrice Webb, ka ga wata ƙofar ta buɗe zuwa wani babban gida. Na ce alama, ban ce hujja ba, domin wani lokaci sunan ubangida ko na aminin uba ake sakawa.

Kada kuma ka ɗauka kujerar kamfani daga uba zuwa ɗa take gangarowa. Richard Durning Holt da ya jagoranci Blue Funnel bayan zamanin Alfred ɗan ƙanensa Robert ne. George ƙarami 'ya ɗaya ya bari, Emma, wadda ba ta yi aure ba, ta rasu a 1944 ta bar wa birnin Liverpool gidansu na Sudley da zane-zanen da mahaifinta ya tara. Sunan John Holt kuwa ya ci gaba a allon shaguna a Najeriya bayan kamfanin Lonrho ya sayi kamfanin a 1969. Don bin irin wannan sauyi, jaridar gwamnati ta London Gazette, wadda ke fitowa tun 1665 kuma ana bincika ta kyauta a intanet, tana buga sanarwar rabuwar abokan ciniki da ta karyewar jari, da sunan kowa. Littafin adireshin 'yan kasuwa na Gore, da aka fara bugawa a Liverpool a 1766, yana nuna maka shekarar da aka ƙara "da 'Ya'yansa" a sunan shago. Daga 1710 zuwa 1811 kuma ana biyan haraji a kan kuɗin koyon sana'a, kuma kundayen farko-farko sukan ambaci mahaifin yaro da garinsu, abin da ke mayar da kai ƙauyen da attajirin birni ya fito.

Akwai kundin da bai kamata ɗan Afirka mai wannan bincike ya tsallake ba. Liverpool ta yi ƙaurin suna a cinikin bayi a ƙarni na 18, kuma da Birtaniya ta yi dokar soke bauta a 1833, fam miliyan 20 ta ware ta biya masu bayi diyya, ba bayin ba. Jami'ar UCL ta Landan ta tattara sunayen waɗanda suka nemi kuɗin a rumbun da kowa zai iya dubawa. Duk gidan kasuwancin da nake bi na wancan zamani sai na duba shi a can, domin tarihin da iyali suka rubuta wa kansu ba kasafai yake kai ka wurin ba.

Abin da ba na yarda da shi, da inda hanya ke ƙarewa

Littattafan salsalar manyan gidaje irin na Burke suna da amfani ga ƙarni na 19, amma iyalan ne da kansu suke aika bayanin. Attajirin da ya sayi gona da katafaren gida yakan so a manta kakansa marini ne ko mai shago, sai a laƙaba shi ga wani tsohon gidan sarauta mai suna iri ɗaya. Zanen salsalar da mutane ke ɗorawa a intanet ya fi wannan muni, domin kwafar juna suke yi, kuskure ɗaya sai ya zama ɗari. Ina duba su don samun inda zan leƙa, amma ba na ɗaukar mahaɗi ko ɗaya sai na ga takardar asali, kuma na fi son biyu da ba su dogara da juna ba.

Game da kakanka, Allah ya jiƙansa in ya riga mu gidan gaskiya, duk kundayen da na lissafa ba za su ambace shi ba. Takardun kamfanin John Holt da ke ma'ajiyar tarihi ta birnin Liverpool sun fi magana a kan Turawan kamfanin da lissafin kaya, ma'aikata 'yan ƙasa jefi-jefi suke fitowa. Fayilolin lardin Kano da ke ma'ajiyar tarihi ta ƙasa a Kaduna za su ba ka yanayin kasuwar, amma labarinsa na bakin dattawan gidanku, kuma shi ya fi gaggawa a ɗauka.

A ɓangaren Ingila kuwa, yadda kake ƙara komawa baya haka ƙasa ke ƙara santsi. Kafin 1752 sabuwar shekara a can 25 ga Maris take kamawa, don haka yaron da kundi ya ce an yi masa baftisma a Fabrairun 1740, a lissafinmu na yau 1741 ne, kuma wanda bai gyara wannan ba zai ga ƙane ya girmi wansa. Shekarun yaƙin basasa da mulkin da ya biyo bayansa, daga 1642 zuwa 1660, kundaye da yawa sun yi giɓi ko sun ɓace. Holt kuma suna ne da ya yawaita a Lancashire, ta yadda a yankin Rochdale za ka iya tarar da masu suna ɗaya da yawa a zamani guda ba abin da zai raba maka su. Gidan 'yan kasuwa da ya bar wasiyyoyi ana iya kai shi ƙarni na 18 da tabbaci, wani lokaci na 17. In ka iso inda mutum biyu suka dace da gurbi ɗaya kuma ba wasiyya ba takardar fili, ka rubuta su duka biyun da hujjar kowanne, ka ja layi a wurin.